Ranar da Belbela Ta Yi Sata Uku

Kai Ɗayyabu, ajiye wayar nan ko in ajiye maka ita a cikin randa. Ke Tasalla, matsa wa 'yar'uwarki ta zauna. To, ga ta nan, ga ta nanku, sabuwa fil. Me za ku ce? "Ta zo mu ji ta." Yauwa, ai kuwa ta zo. Ke Lawisa da kike karatun aikin jinya, wannan taki ce, ki buɗe kunne.

Wani gari ne na dabbobi a cikin daji. Garin yana kan tudu, rafi kuwa yana can gangare da nisa. Duk ruwan da ake sha a garin wata tsohuwar jaka ce ke ɗauko shi, ana ce mata Inna Jaka. Kullum sawu bakwai take yi, tulu biyu a mangala, ba a taɓa jin ta ce ta gaji ba. Babu ɗan garin da bai hau bayanta ba yana ƙarami. In uwa ta rasa yadda za ta yi da ɗa mai rigima, sai ta miƙa wa Inna Jaka, a je rafi da shi a dawo, ya yi barcinsa.

Inna Jaka tana da aminiya, Belbela. Tun suna 'yan mata suke tare. Jaka na tafiya, Belbela na bisa bayanta tana cire mata kaska tana zuba surutu. Jaka ba ta da magana, Belbela kuwa bakinta ba ya hutawa. Abin da ta gani da hantsi, kafin azahar kowa ya ji shi, har da wanda bai tambaya ba. Ba ta ƙarya, wannan kam a ba ta haƙƙinta. Riƙe magana ne dai Allah bai hore mata ba.

Me kuke kallona? Ni ba da kowa nake ba.

A garin akwai masu magani uku. Akwai Biri, Sarkin Ɗori, shi ke da karaya da targaɗe. Akwai Kunkuru, Sarkin Magani, shi ke da duk abin da ya shafi ciki, yana da wani ludayin awo da ya gada tun daga kakansa. Sai Zalɓe, Sarkin Aska, mai ƙaho da tsaga, bakinsa ne askarsa. Kowannensu gwani ne, wallahi, ba na wasa ba. Daga garuruwa ake zuwa neman su.

Wata rana Biri yana cikin raha ya ce, "Jiƙon Kunkuru ai ruwan wanke ƙwarya ne." Belbela ta ji. Sai ta tashi fir, ta kai wa Kunkuru. Kunkuru ya ce, "Shi ɗin? Ɗorin Biri ko tsintsiya ba zai riƙe ba." Sai ta kwaso ta kawo wa Biri da zafinta. A hanya ta biya wajen Zalɓe, shi ma ya tofa tasa, ta raba wa sauran biyun. Kafin a ce me, rigima ta kaure. Wata uku ba mai gaida wani. Gari ya rabu gida uku, har suna aka fasa zuwa saboda wane zai je.

Sai dattawa suka zauna suka kafa doka. Suka ce kowane mai magani ya tsaya a kan nasa, kada ya tambayi abin da ɗan'uwansa ya bayar, kada ma ya kalli wurin. Suka raba musu lokaci don kada su haɗu a kan majinyaci: Biri da hantsi, Kunkuru da azahar, Zalɓe da la'asar. Sannan suka juyo kan Belbela suka ce, "Ke kuma, duk ranar da kika sake ɗaukar maganar wani mai magani kika kai wa wani, kin bar garin nan ke nan har abada." Belbela ta yi kuka, ta rantse. Aka zauna lafiya. Masu magani suka koma gaisuwa da juna doguwa, har da rusunawa. Kowa ya ce an gyara gari.

Ana nan, ana nan, ran nan Inna Jaka ta taka santsi a gaɓar rafi, ta faɗi da tulunanta. Ƙafar gaba ta karye. Aka ɗauko ta aka kwantar da ita a rumfarta.

Da hantsi Biri ya zo. Ya ja ƙafa, ya daidaita ƙashi, ya jera karare, ya ɗaure da kirtani. Aiki tsaf. Ya ce, "Inna, ki kwanta. Kada ki motsa. Ko ƙuda ne ya dame ki, ki bar wa Belbela." Ta ce, "To, ɗan nan, Allah ya yi albarka."

To, jakar da ta saba sawu bakwai, yau ga ta kwance wuri ɗaya. Kwana biyu ciki ya ɗaure, ya kumbura tim. Sai aka kira Kunkuru. Ya iso da azahar, ya kawar da kai daga ƙafar, don ba tasa ba ce. Ya latsa ciki, ya auna garin filasko ludayi ɗaya, ya kaɗa a ƙwaryar ruwa cike. Ya ce, "Inna, shanye. Ki riƙa tashi kina zaga rumfar nan sau uku, kwanciya ce ke ɗaure ciki. Kuma ban da abinci mai nauyi." Ta ce, "To, ɗan nan, Allah ya yi albarka."

Ta sha, ciki ya sake, har ya wuce yadda ake so. Ta tashi a kan karyayyar ƙafa ta zaga rumfa sau uku, don Kunkuru ya ce. Ta dawo ta kwanta ba motsi, don Biri ya ce. Ƙafa ta kumbura, jiri ya kama ta. Sai aka kira Zalɓe. Ya sauka da la'asar, bai kalli karare ba, bai kalli ƙwaryar magani ba. Ya dubi kumburi ya ce, "Mataccen jini ne." Ya yi tsaga, ya kafa ƙaho uku. Ya ce, "Inna, ki ci abinci sosai, dusa da harawa, jini ya dawo. Amma ki rage shan ruwa har tsagar ta kame." Ta ce, "To, ɗan nan, Allah ya yi albarka."

Kun ga tsohuwa da biyayya? Da hantsi ta kwanta, da azahar ta yi zagaye da yunwa, da la'asar ta ci dusa da ƙishirwa. Ba wanda ta saɓa wa. Kullum kowannensu in ya zo zai ce, "Inna, yaya jiki?" Ita kuma ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan. Hannunka akwai albarka." Shi kuwa ya tafi yana jin daɗi.

Belbela tana kan turke tana kallon komai. Magana ta cika mata maƙogwaro har tana shaƙe ta. Da suka rage su biyu ta ce, "Ƙawata, wane irin sauƙi? Ki gaya musu mana!"

Jaka ta ce, "In ce me? In ce wa Biri ɗorinsa bai kama ba? Yaron da na ɗauka a bayana? Ko in ce wa Kunkuru maganinsa na ƙarar da ni, bayan tafiyar rabin yini yake yi kafin ya iso nan? Haba Belbela. Ke ma kin san ba a haka."

Belbela ta ce, "To ni bari in faɗa."

Jaka ta ce, "Ki faɗa a kore ki? In rasa ƙafa, in rasa ki? Kul! Kada ki soma."

Sai Belbela ta haɗiye. Tun da aka ƙyanƙyashe ta ba ta taɓa haɗiye magana ba sai ranar, kuma ranar ce bai kamata ba.

Mako ya zagayo. Inna Jaka tana cikin zagayen Kunkuru, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a kan ƙafar. Ɗori ya goce. Da hantsi Biri ya zo ya gani, ya riƙe baki. Ya ce, "Ikon Allah! Ni ban taɓa ɗorin da ya kwance ba. Ƙila ban matse ba ne." Sai ya sake ɗaurewa, ya ja kirtani har ya nutse a fata. "Inna, yaya jiki?" "Da sauƙi, ɗan nan."

Ga kuma wani abu da ba wanda ya lura. Tun da mai ɗauko ruwa ta kwanta, ruwa ya yi wuya a gari. Kowa sai ya gangara da kansa. Kunkuru kuwa, ku da kanku kun san tafiyarsa, yini guda yake yi ya samo rabin ƙwarya. Amma awo ba ya saɓa masa, ludayi ɗaya cif, yadda kakansa ke yi. Sai ya zuba ludayi ɗaya a rabin ƙwarya. Magani ya ninka ƙarfi, shi bai sani ba. Ya latsa ciki ya ji har yanzu yana ƙugi, ya ce, "Ki ci gaba da sha, Inna. Yaya jiki?" "Da sauƙi, ɗan nan."

Da la'asar Zalɓe ya ga kumburi ya ƙaru, jiri ya ƙaru. Ya ce, "Jinin nan mai taurin kai ne." Sai ya kafa ƙaho shida. "Inna, yaya jiki?" "Da sauƙi, ɗan nan."

A mako na uku, wayyo, Inna Jaka ta zama abin tausayi. Haƙarƙarinta duk a waje, ido ya faɗa, kunnuwan nan dogaye sun kwanta. Ungulu guda biyu suka dawo kan kukar da ke bayan rumfa da zama. Kullum sai su leƙo su ce, "Belbela, yaya mai jiki?" Belbela ta ce, "Jikin uwarku! Ku tashi ku ba mu wuri."

Ran nan kowane mai magani ya fita yana magana shi kaɗai, Belbela na ji. Biri ya ce, "Gobe zan ƙara kirtani." Kunkuru ya ce, "Gobe ludayi biyu." Zalɓe ya ce, "Gobe ƙaho tara." Belbela ta haɗa ukun a ranta. Ta san in aka yi wa ƙawarta waɗannan ukun gobe, ba za ta ga jibi ba.

Da yamma Jaka ta kira ta da wata 'yar murya. Ta ce, "Belbela, in ta Allah ta kasance, tulun nan mai baki a ba wa Bushiya, ta daɗe tana so. Ke kuma kada ki hau bayan kowace irin saniya, wasu suna da mugunta, ki zaɓi mai haƙuri." Belbela ta ce, "Rufe min baki! Ni bayanki na saba da shi, ba inda za ni." Ta juya baya tana kuka, don kada Jaka ta gani.

Ta yi ta tunani. Can sai ta ce a ranta, "Rantsuwa na yi ba zan ɗauki magana ba. Ban rantse a kan kaya ba. In na tara su a kanta su uku, su ji juna da kunnensu, ai ba ni na faɗa ba." Sai ta zauna lissafi. Daga gidan Kunkuru zuwa rumfa, rabin yini. Daga gidan Biri, kamar a dama kunu a sha. Daga gidan Zalɓe kuwa, ƙiftawar ido, tunda shi ma mai fiffike ne.

Gari na wayewa ta dira gidan Kunkuru. Yana zaune yana kallo ta sunkuci ludayin awo ta tashi. Kunkuru ya ce, "Kai! Ɓarauniya! Ludayin kakana!" Ta ce, "Yana rumfar Inna Jaka, in kana so ka zo ka karɓa." Sai ya kama hanya, ƙut-ƙut-ƙut, yana zage-zage. Tun da yake bai taɓa sauri irin na ranar ba, amma duk da haka tururuwa biyu sun wuce shi.

Ta koma kan reshe tana dubansa. Da ta ga ya kusa, sai ta faɗa gidan Biri, lokacin yana naɗe sabon kirtani zai fito. Ta fizge ta yi sama. Biri ya ce, "Ke! Kin haukace ne?" Ta ɓata masa lokaci, ta zaga da shi bayan gari, sannan ta nufi rumfa, yana biye yana tsalle. Ta jefa kirtani ciki, ta wuce gidan Zalɓe, ta ɗauke ƙaho a gaban idonsa. Zalɓe ya buɗe fiffike ya bi ta.

Sai ga su su uku a ƙofar rumfa lokaci ɗaya, hantsi ya wuce, azahar ba ta yi ba, lokacin da ba na kowa ba. Suka kalli juna. Kunya ta kama su. Nan da nan kowa ya juya wa majinyaciya baya, don kada a ce ya kalli aikin wani.

Biri ya ce, "Sarkin Magani, barka da rana. Bismilla, shiga." Kunkuru ya ce, "A'a, Sarkin Ɗori, ni ludayina kawai na zo ɗauka." Zalɓe ya ce, "Ni ma wucewa zan yi, Allah ya ba ku haƙuri." Kowa ya lallaɓa ya ɗauki kayansa yana kallon ƙasa. Don kada a ce ba su gaida tsohuwa ba, suka haɗa baki ba tare da sun waiwaya ba, "Inna, yaya jiki?"

Da ƙyar muryar ta fito. "Da... sauƙi."

Suka ce, "Madalla." Suka kama hanya.

Kun ji fa! Duk wahalar nan ta Belbela, sata uku a rana ɗaya, ta tashi a banza. Ta dubi ƙawarta, ta ga ido ya fara juyewa. Ta dubi hanyar barin gari. Sai ta tashi ta dira a gabansu, ta baza fiffike ta tare hanya.

Ta ce, "Babu sauƙi! Wallahi babu sauƙi ko na ƙwayar gero! Ku kore ni, na yarda, amma sai kun ji. Kai Sarkin Ɗori, ka ce ta kwanta. Kai Sarkin Magani, ka ce ta tashi ta zaga rumfa. A zagayen nan ta faɗi, ɗorin ya goce, ba rashin matsewa ba ne. Sarkin Magani ya ce kada ta ci, kai Sarkin Aska ka ce ta ci. Wannan ya ba ta abin da ke zubar da ruwan jikinta, kai ka hana ta shan ruwa, ka kuma zuƙe jinin da ya rage. Jiya sau goma sha ɗaya ta yi zawo, ni na ƙirga. Rabonta da fitsari tun shekaranjiya. Kuma Sarkin Magani, da a ƙwarya cike kake kaɗa ludayinka, yanzu a rabi kake kaɗawa, jiya ma ko rabin bai kai ba. Ka san dalili? Mai kawo maka ruwan ce kwance a nan!"

Kunkuru ya dubi ludayi, ya dubi ƙwarya, sai ya ja kansa cikin ƙoƙo don kunya. Zalɓe ya waiwaya a hankali, karo na farko ya kalli ƙafar tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Sarkin Ɗori, ashe wannan kumburin ba mataccen jini ba ne. Kirtaninka ne ya shaƙe ƙafar."

Biri ya harzuƙa. Ya ce, "Kirtanina? Wa ya ce mai karaya ta tashi ta yi zagaye?" Kunkuru ya fito da kai ya ce, "Wa ya kwantar da jaka mako uku kamar buhu?" Zalɓe ya ce, "Ku biyun nan ku kuka ja min!" Murya ta fara tashi. Ga dukkan alamu rigimar da ce za ta dawo sabuwa. Belbela ta ce a ranta, shi ke nan, na sake raba gari, kuma ƙawata za ta mutu.

Sai suka ji an ce, "Ya isa."

Inna Jaka ce. Ta ɗago kai da ƙyar, hawaye na zuba. Ta ce, "'Ya'yana, ku yafe min, ƙarya nake muku. Ban so in kunyata kowa ba ne. Ƙafar nan ciwo take min kamar ana hura wuta. Cikina ya ƙare. Idona duhu yake gani. Kuma ƙishirwa nake ji. Shekara nawa ina kawo muku ruwa, yau ni ce ke roƙo. Don Allah ku ba ni ruwa in sha."

Kai, jama'a.

Biri ya sunkuci tulu ya gangara rafi da gudu yana kuka. Zalɓe ya tashi sama yana shela, gari ya fito kaf, aka yi layi tun daga gaɓar rafi har ƙofar rumfa, wannan ya miƙa wa wannan ƙwarya, wannan ya miƙa wa wancan. Kunkuru ya kife filaskonsa a ƙasa. Ya dama ruwa da ɗan gishiri da zuma, ya riƙa ba ta da ludayin kakansa, kaɗan-kaɗan, har yamma. Biri ya dawo zai kwance kirtani, ya ga ƙullin ya nutse, yatsa ba ya shiga. Ya ce, "Sarkin Aska, ara min bakinka." Zalɓe ya zura dogon bakinsa ya warware ƙulli, ya wanke tsagar da ya yi. Sannan ya rataye ƙahonsa a jikin rumfa ya ce, "Ni babban aikina a jinyar nan shi ne in bar wannan a rataye."

Saura matsala ɗaya. Ƙafa tana son hutu, ciki yana son motsi. Suka zauna su uku a ƙasa, suka yi ta juya ta. Kunkuru ya ce, "Ni ba zagayen ne dole ba, ta dai miƙe tsaye." Biri ya ce, "Ni kuma ba kwanciyar ce dole ba, kada dai nauyi ya hau ƙafar." Zalɓe da ya saba kallon abu daga sama ya ɗaga kai ya ce, "To ga reshen kuka nan." Sai aka samo majanyi mai faɗi, aka zagaya shi ta ƙarƙashin ƙirjinta, aka ɗaure a reshe. Inna Jaka ta tsaya a kan ƙafa uku, ta huɗun tana lilo ba ta taɓa ƙasa. Ungulayen nan da suka ga haka suka yi tsaki suka tashi.

Daga ranar, su uku suke zuwa tare da hantsi. Kunkuru Biri ke goyo shi, don kada a yi ta jiransa. Kafin kowa ya taɓa komai sai a ce, "Belbela, bismilla." Ita kuwa abin nema ya samu. Ta faɗi abin da Jaka ta ci, da abin da ta sha, da sau nawa ta yi bayan gida, da ko ta yi barci. In ta fara shiga labarin maƙwabta, Kunkuru ya ce, "Mu tsaya a kan mai jiki." Sannan a juya a tambayi Inna Jaka, in ta ce da sauƙi, Biri ya ce, "Mun ji na gaisuwa, Inna. Saura na gaskiya."

Kwana arba'in aka kwance karare. Inna Jaka ta taka ƙasa da ƙafa huɗu. Ƙafar ta ɗan gajarce, don ɗorin da aka yi sau biyu ba ya komawa daidai, amma ta taka.

Ranar ce kuma dattawa suka aiko. Suka ce sun yi murna, amma doka doka ce. Belbela ta kai magana, ta kuma haɗa da sata. Ta bar gari kafin la'asar.

Belbela ba ta yi musu ba. Ta ce, "Na sani tun ranar." Ta je ta yi sallama da ƙawarta, ta ce, "Ki riƙa shan ruwa, kin ji? Kuma kaskar bayan kunnenki ta hagu, ki sa a duba miki." Ta juya za ta tashi.

Jaka ta ce, "Hau."

Belbela ta ce, "In hau ina?"

"Bayana mana. Ina kika saba hawa?"

"Ina za ki da wannan ƙafar?"

Jaka ta ce, "Inda za ki."

Sai ta kama hanyar barin gari tana ɗingishi, Belbela a bayanta tana ta roƙonta ta koma. Ba su yi nisa ba suka ji motsi. Suka waiwaya, sai ga Biri da jakar kayan ɗorinsa, Kunkuru a wuyansa, Zalɓe na biye da ƙaho a rataye. Dattawa suka fito a guje. "Ku kuma ina za ku?" Biri ya ce, "Majinyaciyarmu muke bi, ba mu sallame ta ba."

Kunkuru ya ce a sauke shi. Ya ce, "Dattawa, Allah ya ƙara muku girma. Da can Belbela gida-gida take kai magana, a bayan ido, shi ya raba mu. Wannan karon a gabanmu duka ta faɗa, a gaban mai jikin, shi ya tashi Inna. Dokarku ta hana mu faɗa, gaskiya ne. Amma saura ƙiris mu kashe uwarmu cikin ladabi da gaisuwa, kowa yana aikinsa daidai."

Dattawa suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus. Suka dawo suka ce an sauya doka. Maganar majinyaci a faɗe ta a gaban duk masu magani, shi ma yana ji, kuma Belbela ce mai faɗa. Maganar wane ya ce da wane kuwa, tana nan a haramce. Sata kuma kada a sake. Belbela ta ce ta ji biyun farko sarai.

Inna Jaka ta koma rafi, amma sawu uku take yi yanzu, sauran huɗun gari ya raba a tsakaninsa. Ran da ta fara komawa, suna gangarawa, Belbela ta leƙo ta saitin kunnenta ta ce, "Ƙawata, yaya jiki?" Jaka ta ce, "Ƙafar tana min tsami in na taka dutse. Bayana kuma ya daɗe bai kai ki rafi ba, ya yi kewarki. Kada ki sauka." Belbela ta buɗe baki za ta yi magana, ta kasa. Har suka kai rafi ba ta ce uffan ba, kuma ba wanda ya hana ta magana.

To kun ji. Jiki ɗaya ne, ƙafa ba ta ciwo ciki bai sani ba. Masu magani ko sun kai goma, kowa gwani, in ba sa jin juna, majinyaci ne zai sha wuya a tsakaninsu. Shi ma mai jikin yana cikin masu aikin, in ya ɓoye gaskiya ya ɗaure musu hannu. Ke Lawisa, in kin fara aiki, kada ki raina mai share ɗaki ko mai zaman jinya, sau da yawa su suka ga abin da likita bai gani ba.

Me kika ce? Gwiwata? Da sau... Kai, ja'irar yarinya, kin kama ni. To, tana ciwo. Kwana tara ke nan ba na iya durƙusawa. Ina shan ƙwayar da likitanku ya rubuta, ina shan ta mai kemis, ga kuma jiƙon da maƙwabciyarmu Hansai ta aiko min, kuma ba wanda ya san da na wani. Daina zare min ido, na ji. Gobe ki kwashe su duka a leda ɗaya ki raka ni, ke ce Belbelata.

Kurunkus, ta ƙare, ta tashi fir da ludayin Kunkuru. Ɗayyabu, zo ka kama ni in miƙe.